Daga Tsoka Zuwa Harafi Ɗaya

Kawuna mahauci ne, kuma a hannunsa na fara ganin wannan tsoka tun ina yaro a Dagumawa. Ranar Juma'a yakan tafi Karar Wudil ya sayo sa, washegari da sassafe a yanka. In an farke ciki sai ya riƙa ware kayan ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunansu don mu yara mu riƙe: ga hanta, ga tumbi, ga saifa, ga matsarmama, a yi hankali kada ta fashe ta ɓata nama. Can a gindin hanji kuma akwai wata tsoka fara-fara mai laushi, gudaji-gudaji, wadda ba mai tsayawa ya taya ta. Likitoci suna ce mata fankiriyas. Mutane da yawa suna ɗauka ita ce saifa, alhali kowacce da mazauninta da aikinta.

A jikin mutum tsawonta kamar santimita 15 ne. Tana kwance a gicciye a bayan tumbi, kanta ya shige lanƙwasar farkon hanji, jelarta ta kai wajen saifa. Mafi yawanta ruwan narkar da abinci take yi, fiye da lita 1 a rana, tana tura shi hanji ta ƙananan magudanai. Ɗan abin da ya rage, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, shi ne tsibiran da wani ɗalibin likitanci Bajamushe, Paul Langerhans, ya gano a 1869, masu samar da insulin ɗin da ke daidaita sukari a jini.

Ita ce ta zama ajalin Kawu, Allah ya jiƙansa. Idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, kullum yana ƙara ramewa. A majalisar bakin titi, inda ake wuni a kan benci, tun ranar farko aka yanke magana: wasu suka ce shawara ce a jiƙa masa saiwa, wasu suka ce jifa ne. Kowa ya faɗi tasa daga inda yake zaune. Kafin mu kai shi asibiti a Kano an ci watanni. Hoto ya nuna ƙari a kan fankiriyas ya danne bututun da ke kai ruwan matsarmama hanji, shi ya sa ruwan ya koma cikin jini ya rina idanu. Aka ɗebi 'yar tsoka aka kai ɗakin bincike, bayan kwanaki takarda ta fito da layi uku kacal. Takardar nan ta tsaya mini a rai. Ta yaya mutum zai dubi abin da bai kai ƙwayar wake ba, ya faɗi abin da ya gagari majalisa guda?

Bayan sadakar arba'in na nemi izini wurin yayar wani abokina, wadda ta daɗe tana wannan aiki, aka bar ni na zauna a gefe na kalla. Ba a nuna mini sunan kowa ba, lambobi kawai nake gani.

"Malam," in ji ta, "aikin nan tun daga ɗakin tiyata yake gyaruwa ko ya lalace." Tsoka da zarar ta rabu da jiki ta fara lalacewa, fankiriyas kuwa ta fi kowace sauri, domin ruwan da take narkar da abinci da shi ne yake juyowa ya narkar da ita. Don haka nan take ake tsoma ta a fomalin, wani ruwa mai yaji a hanci da ke sandarar da komai yadda yake. Ruwan sai ya ninka tsokar aƙalla sau 10. Shigarsa a hankali ce, kamar milimita 1 a awa, shi ya sa babbar tsoka sai an tsattsaga ta kamar burodi, in ba haka ba baya ya kama ciki ya ruɓe. In kuma aka manta ta a ciki kwana da kwanaki, siffarta za ta tsaya amma rubutun gadon da ke cikinta, wato DNA, zai kakkarye. Mai aikin yana lissafin awanni tun bai taɓa wuƙa ba.

Daga nan likitan duba tsoka ya auna, ya faɗi kala da tauri a rubuta, ya yanko gutsure mai kaurin milimita 3 zuwa 4 daga inda ƙarin ya haɗu da lafiyayyar tsoka. Ana sa shi a wani ɗan akwatin roba mai huji-huji da bai kai akwatin ashana ba. Na ga ta ɗauki fensir ta rubuta lamba a jiki, na tambaye ta me ya hana biro. Ta ce ruwan da akwatin zai bi gaba yana cinye tawada, fensir ne kaɗai yake fitowa da rubutunsa. Lamba in ta goge, tsokar wani ta zama ta wani.

Ana so a cusa kakin kyandir cikin tsokar don ta yi taurin da za ta yanku, amma kaki da ruwa ba sa shiri, tsoka kuwa yawancinta ruwa ce. Sai a kori ruwan da dabara. A bi da ita cikin alkohol mataki-mataki, daga mai kashi 70 zuwa mai kashi 90 zuwa tsantsa. A kori alkohol ɗin da wani ruwa mai suna zailin, sannan a kori zailin da narkakken kaki mai zafin digiri 60. Na'ura ce take yin wannan cikin dare guda, in wuta ta tsaya, in kuma ta ɗauke wani ya tashi ya kunna janareta. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake mataki ɗaya zai gane da safe, don tsakiyar tsokar za ta ruguje a bakin wuƙa.

Da safe ta zuba kaki a ɗan ƙoƙon ƙarfe, ta ɗauki tsokar da hantsaki mai ɗumi ta kwantar. A nan na ga ta dakata tana juya ta. Magudana in aka kwantar da ita a gefe, tsawonta za a gani, in aka tsayar da ita, bakinta za a gani kamar zobe, kuma cikin daƙiƙu kaɗan kakin zai daskare a kan abin da ta zaɓa.

Sai wurin da ya fi tuna mini da Kawu. Shi in yana yankan kilishi yakan ɗaga fallen nama sama ya duba, in haske bai ratsa ba ya ce da saura. Ita kuma na'urar yankanta sunanta maikirotom: ƙugiya mai riƙe curin kakin, reza mai kaifi a kwance, da wili a gefe da ake juyawa da hannu. Kafin ta ɗora curin sai da ta kifa shi a kan ƙanƙara, don kakin da ya sha zafin Kano ba ya yankuwa, tattarewa yake yi. Ta saita kauri a maikiron 4. Maikiron ɗaya shi ne milimita in an raba ta gida 1,000, gashin kan mutum kuwa yana kai wa maikiron 70, wato silin gashi ɗaya sai a tsaga shi gida 17 kafin a kai sirantar yankanta. Ta fara juya wilin, ba sauri ba jinkiri, bugu ɗaya kamar mai sheƙa hatsi. Kowane yanki yana manne wa wanda ya gabace shi, har wani farin zare mai faɗi ya sauko daga bakin rezar, ta tallafe shi da ɗan burushi mai laushi. Na yi magana, ta ɗaga mini hannu. Numfashi ma yana iya ɗauke shi, shi ya sa aka kashe fanka duk da gumi.

Ta shimfiɗa zaren a kan ruwan ɗumi, wajen digiri 45, sai na ga tamojinsa suna warwarewa da kansu. In ruwan ya yi sanyi ba zai miƙe ba, in ya yi zafi kakin ya narke tsokar ta watse. Ta zura ɗan fallen gilashi ƙarƙashinsa a karkace, ta ɗago, yankin ya kwanta a kai ba kumfa ko ɗaya.

A wannan sirantar tsoka ba ta da kala, sai an yi mata rini. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata zai gane aikin: tsomawa, cirewa, ɗauraya, sake tsomawa, da ido mai sanin lokacin da kala ta kama. Rini biyu ne. Na farko hematoksilin, daga itacen wata bishiya ta yankin Meziko ake samunsa, yana kama cibiyar kowace ƙwayar jiki ya mai da ita shuɗi mai duhu. Na biyu iyosin, yana rina sauran ruwan hoda. Fiye da shekara 100 ke nan da waɗannan biyun ake gane yawancin ciwon daji, wato kansa, a duniya. A Kano ma, a sashen binciken tsoka na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake riƙe da rajistar masu ciwon daji, a kan irin wannan gilashi ake dogara.

Likitan ya bar ni na sa ido a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. A gefe ɗaya lafiyayyar fankiriyas, ƙwayoyinta curi-curi kamar 'ya'yan inabi, magudanai kuma kowacce da jerin ƙwayoyi a bakinta, kai ɗaya, kamar sahun salla. Da ya matsa gilashin kaɗan sai sahu ya watse. Magudanai karkatattu, cibiyoyi manya baƙaƙe, wata ta ninka wata, duk sun nutse cikin tabo mai kauri. Ya nuna mini inda suka nannaɗe wata jijiya. Ya ce, "Ka ga abin da ke sa ciwon ya riƙa sokawa har gadon baya." Na tuna yadda Kawu yake kwana a zaune, ya duƙa gaba ya rungume matashi.

Nan aikin ido ya tsaya. Abin da ya sa sahun ya watse yana can ƙasa da inda madubi yake kai wa.

A cikin kowace cibiya da ta yi shuɗi akwai DNA, littafin gado mai haruffa kusan biliyan 3, amma iri huɗu kawai: A, C, G, T. Uku-uku ake karanta su, kowane uku kalma ce, jerin kalmomi kuma shi ne ƙwayar gado, wato umarnin ƙera wani sinadari guda. Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan. Sikila da ake gwadawa kafin aure harafi ɗaya ce, kalmar GAG ta koma GTG. Wanda ya yi tsangaya ma ya san ɗigo ɗaya ne ya raba dal da zal. Bambancin shi ne sikila daga iyaye ake gadonta, kuskuren da ke jawo yawancin kansar fankiriyas kuwa a rayuwa yake faruwa. Duk sanda ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe littafin gaba ɗaya. Akwai masu bin baya suna gyara, kamar yadda ake yi wa allo darasu, amma jefi-jefi wani kuskure yakan tsallake. Hayaƙin taba yana ƙara yawan kuskuren, shi ya sa haɗarin mai shan sigari ya kusa ninka na wanda ba ya sha.

To ta yaya ake nemo harafi ɗaya cikin biliyan 3? A ɗakunan binciken gado, daga wannan curin kakin ake farawa. Kansar fankiriyas tana da wata wahala: sau da yawa tabon ya fi ƙwayoyin cutar yawa, in aka niƙe komai tare, lafiyayyen rubutu zai danne gurɓataccen. Don haka likita yakan zagaye wurin da cutar ta fi taruwa da alƙalami a kan gilashin da aka rina, mai aiki ya ɗora wani yankin da ba a rina ba a kansa, ya kankare daidai cikin zagayen da sabuwar reza. Ɗan farin garin da ya samu a wanke masa kaki, a zuba masa wani sinadari mai cin nama a ɗumin digiri 56 har ya narke, a tace ta wani ɗan rariya da DNA kaɗai ke manne masa, a wanke, a sauke shi cikin ɗigon ruwa. In ka ɗaga kwalbar ba za ka ga komai ba sai ruwa garau.

Sai a ninka shi. Tun zamanin korona kowa ya ji sunan PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 a Amurka. Ana zuba wasu gajerun alamomi biyu da za su kama farko da ƙarshen layin da ake nema, da wani sinadari mai kwafi da aka samo daga ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone, shi ya sa tafasa ba ta kashe shi. Na'ura ta kai zafi digiri 95, igiyar DNA ta rabu biyu. Ta sauko wajen 60, alamomi su kama. Ta hau 72, a kwafa. Ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, a zagaye na 30 an haura biliyan 1. Wannan ƙarfin shi ne kuma haɗarinsa, don ƙurar wani samfurin in ta faɗa, ita ma za a ninka ta. Saboda haka kowane ɗiba da sabon bakin bututu ake yinsa, kuma kullum akwai kwalba ɗaya da ruwa zalla aka zuba mata. In wani abu ya fito a cikinta, aikin ranar duka a zubar a sake.

Karatun ƙarshe ya samo asali daga hanyar da Frederick Sanger ya fitar a Ingila a 1977. A fuskar kwamfuta haruffan suna fitowa kamar jerin tsaunuka masu kala: A kore, C shuɗi, G baƙi, T ja. Mai karatu ya bi ƙwayar gadon da ake kira KRAS yana ƙirga kalmomi har ta 12. A lafiyayyen mutum GGT ce: baƙi, baƙi, ja. A yawancin masu wannan cuta, ƙarƙashin wani baƙin tsauni za a ga wani ɗan ƙarami ya leƙo, mafi yawa kore, wato GGT ta koma GAT. Wanda bai saba ba zai ce datti ne ya wuce.

KRAS makunni ne. Saƙo in ya zo a yi girma sai ya kunnu, ƙwaya ta rabu, ya kashe kansa. Canjin harafin nan yana sa ya maƙale a kunne. A 1988 ne Manuel Perucho da abokan aikinsa suka nuna cewa kusan duk kansar fankiriyas da suka duba tana ɗauke da shi, kuma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da fiye da kashi 90 cikin 100. Amma shi kaɗai bai isa ba, domin jiki yana da birki, wato wasu ƙwayoyin gadon. CDKN2A tana tsayar da ƙwayar da ta fiye sauri. TP53 tana duba rubutu, in ɓarnar ta yi yawa ta sa ƙwayar ta kashe kanta. SMAD4, wadda aka gano a Jami'ar Johns Hopkins a 1996, tana jin umarnin tsayawa daga maƙwabta, kuma a kusan rabin masu cutar ta lalace. Sai waɗannan sun tsintsinke ɗaya bayan ɗaya sannan ɗan tsiro ya zama kansa.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne tsawon lokacin. A 2010 Christine Iacobuzio-Donahue da abokan aikinta suka karanta rubutun gadon ƙari daga mutum 7 da cutar ta kashe, suka kwatanta na fankiriyas da wanda ya bazu zuwa wasu sassa, suka ƙirga kurakuran kamar mai ƙirga zoben itace. Lissafinsu ya nuna fiye da shekara 10 daga kuskuren farko zuwa ƙwayar kansa ta farko, sai kusan shekara 7 kafin ta iya bazuwa, sai ƙasa da shekara 3 zuwa mutuwa. Mu mun ce ciwon Kawu farat ɗaya ya zo. Ashe mai yiwuwa tun ina tsaye a gefensa yana nuna mini kayan ciki abin ya soma. Cutar ba ta magana sai ta girma, shi ya sa cikin mutum 5 da ƙyar ake samun 1 da za a iya cire masa ita da tiyata, kuma a duniya mutum wajen rabin miliyan take kamawa a shekara, kusan adadin ne kuma take kashewa.

Ɓeraye sun ƙara haske. A 2003 David Tuveson da Sunil Hingorani suka sa wannan gurɓataccen harafin na KRAS a fankiriyas ɗin ɓera, suka ga tsiron yana bin matakan da ake gani a mutum. A 2007 ɗakin binciken Mariano Barbacid a Madrid ya nuna cewa a balagaggen ɓera harafin yakan zauna shiru, sai fankiriyas ta yi kumburi mai daɗewa sannan ya farka. Ƙwayoyin da ke yin ruwan narkarwa, in suka ji rauni, sukan rikiɗe su yi kama da na magudana har su warke, sannan su koma yadda suke. Wadda makunninta ya maƙale ita ce ba ta iya komawa. A 2024 kuma masu bincike a Johns Hopkins suka yanka tsoka falle bayan falle a jere, da irin wannan maikirotom ɗin, suka harhaɗa hotunan a kwamfuta, suka gano cewa fankiriyas ɗin baligi tana iya ɗaukar ɗaruruwan ƙananan tsiro, kusan duk da canjin KRAS, mafi yawansu kuma ba za su taɓa zama kansa ba. Yanzu aikin shi ne a gane wanne ne cikinsu zai tsinke birki.

An daɗe ana cewa KRAS ba ta da inda magani zai kama. A 2013 Kevan Shokat a Kalifoniya ya gano wani ɗan lungu a jikin nau'i ɗaya na gurɓatacciyar KRAS, a 2021 aka amince da maganin farko, na kansar huhu. Wannan nau'in bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba a kansar fankiriyas, amma ana gwajin wasu magungunan da ke nufin sauran, har da na GAT. Wanda za a ba wanne, sai an karanta kalma ta 12.

La'asar ta yi kafin ta gama. Ta kwance rezar ta jefa a mazubinta, ta share ɓarɓashin kaki da burushi, ta jera gilasan a faranti bisa lamba. Curin kakin kuma ta shafe fuskarsa da ɗan narkakken kaki don kada iska ta taɓa tsokar, ta buɗe wata doguwar durowa ta sa shi a bayan na jiya. Na tambaye ta, "Hajiya, kwana nawa yake yi a nan?" Ta ce shekaru, in an kiyaye shi daga zafi da ɓera. Ko bayan shekara 10 wani ya zo da sabuwar tambaya, za a ciro shi a ɗora a ƙanƙara a sake yanka. Na Kawu ma yana cikin irin wannan durowar a wani wuri, da lambarsa a rubuce da fensir. Na yi mata godiya, na fito na nemi motar Wudil.